Gasa da Tarke a Tsakanin Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa: Misali Daga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan gasar ɗaukar hoto da ake shirya wa masu yin abin don sha'awa, da kuma tarken da suke yi wa hotunan junansu. Abin da muke nufi da mai ɗaukar hoto don sha'awa shi ne mutumin da ba da hoto yake ci ba, kamar ɗalibi ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa, wanda ya mallaki kyamara ko wayar hannu, yana ɗaukar abin da ya burge shi. Tarke kuwa shi ne a ɗora hoto bisa ma'auni, a fito da kyawunsa da aibinsa tare da dalili. Za mu kafa misalanmu da Birnin Kudu da Gwaram, watau ƙananan hukumomi biyu na masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa amfanin gasa yana rataye ne a wuyan tarken da ya biyo bayanta, kuma a wuri irin wannan tilas ma'aunin tarke ya sa amana gaba da ƙawa.

2.0 Asalin Gasar

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839, amma ta daɗe a hannun ƙwararru da masu hali. Sai a 1888, da kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da ƙaramar kyamara wadda kowa zai iya sarrafawa, sannan waɗanda ba ƙwararru ba suka sa hannu da yawa. Daga nan ƙungiyoyin masu sha'awa suka yawaita a Turai da Amurka, suna taruwa, kowa ya baje hotunansa, a yi masa gyara, a kuma zaɓi gwani. A Nijeriya kuwa wayar salula ta shigo a 2001, bayan 'yan shekaru kuma masu kyamara suka cika kasuwa, har ya zama da wuya a sami ƙauyen da babu mai iya ɗaukar hoto.

Intanet ta faɗaɗa filin gasar. A 2010 aka fara gasar Wiki Loves Monuments a ƙasar Holan, don tara hotunan wuraren tarihi. A 2014 aka fara Wiki Loves Africa, wadda ke zaɓen jigo guda kowace shekara: abinci a 2014, tufafi da ado a 2015, kiɗa da rawa a 2016, mutane a bakin aiki a 2017. Ana ajiye hotunan a rumbun Wikimedia Commons, bisa sharaɗin cewa hoton na mai shi ne, kuma ya yarda kowa ya yi amfani da shi muddin an ambaci sunansa. A wannan rumbu akwai tsarin da masu sha'awa ke duba hotunan junansu, su amince da wanda ya cika sharuɗɗan inganci, su mayar da wanda ya gaza tare da faɗin dalili.

Shi kansa wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Gasar ƙaga labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abin lura shi ne ba a tsaya ga zaɓe kaɗai ba, an zauna da rubuce-rubucen an yi musu gyara kafin a buga. Da kyauta kawai aka raba aka watse, da wuya a ce littattafan sun kai inda suka kai.

3.0 Ma'aunin Tarke

Galibin alƙalan gasa da masu tarke sukan dubi hoto ta fuskoki huɗu. Na farko, ingancin ɗauka: shin abin da aka nufa ya fito tangaran, ko hannu ya girgiza ya dushe? Na biyu, haske: ko ya yi yawa har fari ya ƙone, ko ya yi kaɗan har inuwa ta haɗiye fuska. Na uku, tsari: inda aka ajiye abin da aka nufa a cikin hoton, da abin da aka bari a bayansa. Na huɗu, ma'ana: me hoton ya sanar da mai kallo wanda bai sani ba?

Fuskoki uku na farko ana koyonsu da yawan yi. A wannan yanki, alal misali, mai ɗauka zai gane da kansa cewa rana tsaka tana jefa baƙar inuwa ƙarƙashin malafa da bakin rumfa, hazon hunturu kuma yana kashe launi, don haka hantsi da la'asar sun fi dacewa. Ta huɗun ce ba ta samuwa sai da wani ido na dabam, domin mai hoto ya riga ya san abin da ya ɗauka, ba zai ga giɓin da baƙo zai gani ba. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

4.0 Duwatsun Birnin Kudu

A kewayen Birnin Kudu akwai duwatsu masu ɗauke da zanen mutanen da, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya nazarce su a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma bayyana duwatsun kiɗa da ke tare da su, waɗanda ke amo kamar ƙarfe idan an buga. An sa wuraren cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Mafi yawan zanen na shanu ne, galibinsu marasa tozo, alhali shanun da muke gani yau a yankin, kamar bunaji, masu tozo ne. Ke nan layin gadon bayan saniyar da ke jikin dutse hujja ce ta tarihi, domin yana nuna irin dabbar da aka yi kiwo a nan kafin wadda muka sani.

A nan ne ƙawa da amana suke karo. Zanen ya kwana biyu, launinsa ya koɗe, mai neman cin gasa kuwa so yake hotonsa ya ɗauki ido. Sai zuciya ta raya masa ya watsa wa dutsen ruwa don launi ya tashi, ko ya bi layin da alli, ko ya koma gida ya ƙara ja da baƙi a waya. Biyun farko ɓarna ce ga dutsen kansa, domin ruwa yana narkar da gishirin da ke cikin dutse, in ya bushe ya bar farin tabo bisa zanen, alli kuma yana dankwafe layin asali da hasashen mai zanawa. Na ukun ɓarna ce ga hujja, don kuwa ƙarin launi kaɗan zai iya haɗe tabon dutse da bayan saniya, a wayi gari an yi mata tozon da mai zanen bai yi ba.

Saboda haka mai tarken irin wannan hoto ya kamata ya tambaya: an sa wani ma'auni a gefe don a san girman zanen? An ɗauki wani hoton daga nesa da zai nuna inda zanen yake a jikin dutse? An rubuta sunan dutsen da ranar ɗauka? In an ƙarfafa launi, an faɗa, an kuma ajiye na asali kusa da shi? Masana zanen duwatsu su ma suna ƙarfafa launi da manhaja irin su DStretch, amma suna bayyana cewa sun yi. Laifin yana ga ɓoyewa. Matsalar ba ta tsaya ga masu koyo ba: a gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an sassauya su, a 2023 kuma Boris Eldagsen na Jamus ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony, ya bayyana cewa kwamfuta ce ta ƙaga hotonsa.

5.0 Kasuwa da Jama'a a Gwaram

Idan muka bar dutse muka koma ga mutane, amanar sai ta sake kama. Kasuwar Sara da ke ƙasar Gwaram tana tara manoma da makiyaya da fatake, kuma duk mai neman hoton mutane a bakin aiki zai same shi a can. Amma dutse ba ya jin kunya, mutum kuwa yana ji. Hoton da aka saka a gasa irin wadda muka ambata, kowa a duniya yana da izinin ya ɗauka ya buga, ba kuma a janye wannan izini. Dattijon da ke auna hatsi ko yarinyar da ke tallan nono ba su san da wannan ba sai an gaya musu. Don haka tambayar farko ga mai tarke ita ce ko an nemi yardar mai fuskar, in yaro ne ko an nemi ta iyayensa.

Tambaya ta biyu ta shafi bayanin da ke ƙarƙashin hoto. Hoton da aka rubuta masa "kasuwa a Afirka" ya yi asarar rabin amfaninsa. Wanda aka rubuta masa sunan gari, da ranar da kasuwar ke ci, da sunan sana'ar da na kayan aikinta da Hausa, ya zama abin da ɗalibi zai dogara da shi bayan shekara hamsin. A nan ɗan gari ya fi baƙo, ko da kyamarar baƙon ta fi tasa tsada, domin shi ya san bambancin tiya da mudu.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa gasa tana jawo masu sha'awa su fito da hotunansu, amma tana iya koya musu neman abin da zai burge alƙali ko da ya saɓa wa gaskiya. Tarke shi ne linzaminta. Shawararmu ga makarantu da kwalejojin ilmi da ke son shirya irin wannan gasa ita ce su bayyana ma'auninsu tun kafin a fara, su nemi hoton asali tare da wanda aka gyara, su hana taɓa zanen dutse da ruwa ko alli, su kuma ba kowane ɗan takara bayani a rubuce, ko ya ci ko bai ci ba. Kyauta mutum uku ko huɗu take isa, gyara kuwa yana isar duk wanda ya shiga. Zanen Birnin Kudu yana ƙara dushewa, kuma mai yiwuwa ne wata rana hoton da wani ɗalibi ya ɗauka da wayarsa ya zama shaidar da ta rage game da wata saniya a jikin Dutsen Mesa. Wajibinmu ne mu koya masa ya ɗauke ta yadda take.