Yara Sun Zana Mutum-mutumi da Kabewa

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Gero ya shiga rumbu, dawa tana kan nuna, kabewa kuma tana kwance a gindin kara. Kafin ranar godiyar kaka mun tara yaran makarantar Lahadi domin su yi zane.

Ba mu sayi fenti ba. Mun yanka takardar buhun siminti, yara suka kawo gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da ɗanyen ganye. Kowa ya zana gonar gidansu, da mutum-mutumi a tsakiya, da kabewa a ƙasa.

Da muka duba zanen, sai muka ga yara da yawa sun sa tsuntsu zaune a kan mutum-mutumin. Muka tambaye su dalili, suka ce haka suke gani a gona. Gaskiyarsu ne. Tsuntsu yana da wayo. In abu ya daɗe a wuri ɗaya ba ya motsi, sai ya saba da shi. Saboda haka a riƙa sauya masa wuri bayan kwana 2 ko 3, a canja tsummansa, a rataya masa gwangwani da leda domin iska ta kaɗa su. Amma in jan-baki ya sauko da yawa, mutum-mutumi ba zai iya ba. Sai 'yan ƙungiya su raba tsaro a tsakaninsu, safe da yamma, maimakon a hana yara zuwa makaranta.

Wasu yara kuma sun zana kabewa ba ƙara a kanta. Nan muka yi musu gyara. A bari ta ƙosa har farce ba ya huda ɓawonta. A yanke ta da ɗan ƙara kamar tsawon yatsa, gama ta wurin nan ruɓa ke shiga. A shanya ta kamar mako ɗaya, sa'an nan a ajiye a inuwa bisa katako. Haka za ta yi watanni.

Kada a sayar da ita duka a kasuwa. Jan cikin nan yana da bitamin A, mai tsare yara daga dundumi. A sa ta a miyar taushe da ɗan man gyaɗa. 'Ya'yan wadda ta fi kyau kuwa a ajiye su iri.

Mun manna zanen a bangon majami'a. Iyaye, ku zo ku duba, ku tambayi yaranku abin da suka koya. Ubangiji ya sa albarka a amfaninmu.