Wawan Kurtu da Leburan Challawa

A tsakanin 1943 da 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu yake kan ganiyarsa, rundunar sojan Amurka ta kashe kuɗi wajen ƙirƙiro wani soja wanda bai iya komai ba. Sunansa Kurtu Snafu, sunan da aka tsamo daga wata ba'a ta bariki mai nufin al'amura sun dagule kamar yadda aka saba. A zane yake, irin zane mai motsi da muke kira katun, baƙi da fari, kowane fim bai wuce minti huɗu ko biyar ba. An yi fiye da 20 daga cikinsu, aka keɓe su ga sojoji kaɗai, ana haska su a sansanoni tare da labaran fagen fama.

Waɗanda aka ɗora wa aikin manya ne a sana'arsu. Frank Capra, shahararren daraktan Hollywood da ya shiga soja, shi ya kawo tunanin. Theodor Geisel, wanda duniya ta fi sani da Dr. Seuss, yana cikin marubutan. Masu zanen kamfanin Warner Bros., irin su Chuck Jones da Friz Freleng da Bob Clampett da Frank Tashlin, su suka zana shi, Mel Blanc kuma ya ba shi murya. Matsalar da ke gaban rundunar a fili take: ta kwashi miliyoyin samari daga gonaki da masana'antu, da yawansu ba su yi nisa a karatu ba, kuma littafin umarni ba ya shiga kansu. Lacca kuwa barci take sa su. Sai aka ce to, a nuna musu wawa yana yin duk abin da aka hana, su yi masa dariya, su ga ƙarshensa.

Ƙarshen nasa kuwa ba ya kyau. A wani fim an damƙa masa sirrin lokacin tashin jirgin ruwansu, ya sha ya bugu, ya zazzage wa wata kyakkyawa wadda ashe 'yar leƙen asiri ce. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka tare jirgin, shi kuma ya farka a cikin tukunyar wuta. A wani ya bar bindigarsa ta cika da laka, ranar da ya buƙace ta ta ƙi tashi, aka kama shi fursuna. A wani ya jefar da takunkumin kare iskar guba don ya gaji da ɗaukarsa, ya kwanta a gindin bishiya, hayaƙin ya lallaɓo. Wanda ya fi burge ni shi ne na sauro: Snafu ya tuɓe yana wanka a rafi da almuru, ya raina man shafawa, ya raina gidan sauro, fim ɗin ya ƙare da kansa a rataye a bangon ɗakin sauron, kamar yadda maharbi ke rataye kan barewa.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne Sharaɗa da Challawa da Bompai. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi waɗannan unguwannin masana'antu na Kano da sassafe ya ga rundunar da nake nufi: samari a ƙafa da kan keke da cikin A-Daidaita-Sahu, wasu daga Panshekara da Kumbotso, wasu daga Dakata da Kawaji, wasu 'yan ci-rani daga ƙauyuka, suna jiran a buɗe ƙofa. Da yawa aikin yini ake ɗaukarsu. Yau mutum yana dako a kasuwa, gobe yana tsaye gaban injin niƙa roba wanda ba a taɓa yi masa bayaninsa na minti goma ba. Na sha zuwa duba ɗalibanmu da ke zaman koyon aiki a irin waɗannan wurare, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: allon gargaɗi da Turanci, wani lokaci har da rubutun ƙasar da aka ƙero injin, ya yi ƙura a bango, a ƙarƙashinsa kuma yaro na aiki da silifa.

Hatsarin waɗannan wurare sananne ne, kuma yawancinsa maimaici ne. A kamfanonin roba, wuta ta ɗauke, inji ya tsaya, ma'aikaci ya zura hannu don ya ciro abin da ya maƙale, wuta ta dawo ko a tada janareta ba tare da an yi shela ba. A kamfanonin jima na Challawa, ana sarrafa fata da farar ƙasa da sinadarai masu cin jiki, ciki har da kuromiyam, wanda masu bincike a jami'o'inmu suka daɗe suna nuna yana bin ruwan dagwalo zuwa kogin Challawa. Ramukan da wannan dagwalo ke taruwa suna fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muguntarta ita ce idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce. Ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Wanda ya shiga yashe ramin sai ya faɗi, ɗan'uwansa ya yi kukan kura ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. A duk duniya haka wannan iska take kisa, bibbiyu da uku-uku, saboda zumunci. Wannan darasi ne da za a iya zana shi cikin minti uku, kuma wanda ya gani sau ɗaya da wuya ya manta.

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu da suka yi Yaƙin Bama a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ratsa kwarin Kaladan da Arakan, har aka sa wa barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna sunayen da suka samo asali daga can, sun baro gida lokacin da majigi ke yawo gari-gari. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kai, wanda tsohon jami'in tsafta ne a Legas, kuma tun kafin yaƙin yake nuna finafinan yaƙi da ɓeraye da annoba. Mota ce ke zuwa da janareta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko a dandali, tafinta na bayani da lasifika. Brian Larkin ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa na 2008 game da Kano, Signal and Noise. Bayan yaƙi Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji dabarar, har aka yi irin su Baban Larai don manoma.

Majigi ma yana da nasa wawan. Tsarin da aka fi so shi ne a jera mutum biyu, mai wayo da wawa: wannan ya kai ɗansa asibiti ya warke, wancan ya ƙi ya rasa shi. Amma akwai bambanci tsakaninsa da Snafu, kuma a ganina bambancin shi ne kan zancen. Sellers da mutanensa sun ɗauka cewa idon Ba'afirke ba ya iya bin hoto mai sauri, don haka suka shimfiɗa ƙa'idar a yi komai a hankali, kada kyamara ta yi dabara, kada a tsallake mataki. Wawan majigi hoton mai kallo ne kamar yadda mai mulki yake ganinsa, daga sama. Snafu kuwa da bakin bariki yake magana. Yana ƙorafin abinci, yana zagin fareti, yana kewar gida, duk abin da kurtu ke faɗa idan hafsa ya juya baya. Sojan da ke kallo yana jin an san halin da yake ciki, sannan yana da damar ya ce a ransa, ni dai ban kai wannan sakarci ba. Wanda aka raina ba ya ɗaukar darasi, ko da ya zauna har ƙarshen fim saboda babu wani abin kallo a garin.

Ba ina cewa a kwafo Snafu yadda yake ba. Cike yake da hotunan mata da ba za su shiga gidajenmu ba, da kuma zanen cin mutuncin Japanawa irin na lokacin yaƙi. Ba ma buƙatar aron wawa daga kowa. Al'ummar da ta raini Gizo da Ƙoƙi, ta saurari 'yan kama a kasuwa, ta yi shekaru tana dariyar Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, sannan ta yi jimamin rasuwar Rabilu Musa Ibro a 2014 kamar an yi mata mutuwa a gida, ta san yadda ake saka magani a cikin raha. Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara 30 tun daga Turmin Danya a 1990. Akwai matasa a Kano da ke zane mai motsi a kwamfuta, suna neman wanda zai ba su aiki. Motar majigi ma an huta da ita, domin kusan kowane lebura yana da waya a aljihu, ko abokinsa yana da ita, kuma abin dariya ba ya kwana bai zaga WhatsApp ba. Zane yana da wata fa'ida da ɗan wasa ba shi da ita: ana iya nuna hannu ya shiga inji, ko mutum ya narke a rami, a yi dariya, a kuma ji tsoro, ba tare da an zubar da jinin kowa ba, kuma gobe wawan ya dawo da ransa ya sake wata wautar.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma idan aka tsallake shi gara a bar maganar gaba ɗaya. Kafin rundunar Amurka ta yi wa Snafu dariya a kan takunkumi, sai da ta ba shi takunkumin. Gidan sauron da ya raina, an raba masa. Laifinsa sakaci ne da abin da ke hannunsa. Leburan da ke tsoma hannu a ruwan jima babu safar hannu, sau da yawa ba a ba shi ba ne, ko an ba shi guda ɗaya tun bara ta yage, ko an ce za a cire kuɗinta daga ladansa. Idan aka yi fim ana yi wa irin wannan mutum dariya, an haɗa masa zafi biyu, an kuma wanke mai kamfani da sabulun barkwanci. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya killace sassan inji masu hatsari, ya samar da kayan kariya, ya kai rahoton hatsari. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta masa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, don wanda ya ji rauni ya sami abin dogaro. Leburori nawa ne a Sharaɗa suka taɓa jin wannan da harshen da suke fahimta? Kuma ba mu manta da gobarar da ta tashi a wani kamfanin roba a Ikorodu a 2002 ba, inda ma'aikatan dare suka ƙone saboda an kulle su ta waje. Babu katun da zai buɗe ƙofar da aka sa wa kwaɗo.

A nan ma Yaƙin Bama yana da abin faɗa. A farkon yaƙin, zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka sun fi harsashin Japanawa kwantar da sojoji nesa ba kusa ba. Janar William Slim, kwamandan Runduna ta 14, ya lura cewa wa'azi ga kurata bai wadatar ba. Sai ya riƙa aika likitoci su yi wa bataliya gwajin ba-zata don a ga ko ana shan maganin rigakafi. Idan aka tarar waɗanda suka sha ba su kai kashi 95 cikin 100 ba, kwamandan bataliyar ake tuɓewa. Ya rubuta a tarihinsa cewa uku kawai ya kora, sauran suka gane. Hafsan ya kama, domin shi ke da iko da lokaci da kaya da horo.

Saboda haka wawan da nake so a zana mana ba lebura kaɗai ba ne. A fim na farko ya zama sabon ɗauka mai gaggawa, wanda ya zura hannu a inji da wuta ta ɗauke. A na biyu ya zama mai kula da ma'aikata, wanda ya cire murfin inji don aiki ya yi sauri. A na uku ya zama manaja mai kulle ƙofar baya don tsoron sata, ko mai lissafin kuɗin safar hannu yana mance kuɗin asibiti. Na san masu kamfani ba za su yi murna da na ukun ba, shi ya sa bai kamata kuɗin ya fito daga aljihun kamfani guda ba. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, dama kuɗin horo yake karɓa daga kamfanoni. NSITF kuwa duk yatsan da bai guntule ba riba ce gare ta. Ƙungiyar masu masana'antu tana da rassa a Kano, ƙungiyoyin ƙwadago suna nan, sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo da harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero suna da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu mai amfani.

Marubutan kuwa kada su zauna a ofis su ƙago. Su je wajen mai shayi da mai kosai a bakin ƙofar kamfani lokacin tashi daga aiki, su ji sunayen da leburori suka laƙaba wa injuna, da irin ba'ar da suke yi wa juna, da abin da suke cewa idan wani ya ji rauni. Za su ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma dole fim ɗin ya san yadda zai amsa wannan ba tare da ya yi wa imanin mutane izgili ba. Malamanmu sun daɗe da tanadar amsar a cikin zancen ɗaure raƙumi kafin tawakkali. A gwada fim ɗin farko a kan mutum 20 daga cikinsu kafin a sake shi. Idan ba su yi dariya ba a koma a sake zane, idan kuma sun yi dariya amma ba su iya faɗin abin da ya kamata a kashe kafin a taɓa inji ba, a koma a sake rubutu.