"Bai Gaishe Ni Ba": Ƙananan Laifukan da Ke Raba Zumunci

A gidan suna, mai jego na fama da jariri da baƙi, sai ƙanwar mijinta ta shigo. An amsa sallamarta ciki-ciki, an jima kafin a shimfiɗa mata tabarma, da aka zo rabo kuma kwanonta ya zo ba nama. Tun kafin la'asar ta yafa mayafi, ta ce ta baro yara su kaɗai. Ba wanda ya zage ta, amma sai a shekara ba ta sake taka gidan ba.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Wani ya ƙullaci abokinsa don a bakin mutane ya ji labarin ɗaurin auren 'yarsa. Wani kuwa yaro ne ya miƙa masa hannu a tsaye maimakon ya rusuna. Kalmar dai guda ce: "Ya raina ni."

Mai kallo daga gefe zai ce abin bai taka kara ya karya ba. Sai dai zafin da mai fushin ke ji na gaske ne. A 2003 Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman da Kipling Williams suka wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun sa mutane wasan jifan ƙwallo a kwamfuta yayin da na'ura ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ana cikin wasa sai aka daina jefa musu ƙwallon. Nan take wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki idan jiki ya ji ciwo ya motsa, alhali abokan wasan ma ba mutane ba ne, kwamfuta ce ke sarrafa su. To ina ga wanda ɗan'uwansa na jini ya wuce shi a ƙofar masallaci ba ko sannu?

A ƙasar Hausa abin ya fi haka nauyi, domin gaisuwa da barka da ta'aziyya da dubiya tamkar bashi ne da ake bin juna. Matar da ta kai gudummawa bikin ƙawarta tana sane da abin da ta kai, kuma tana jiran ranar nata bikin. Idan ba a zo ba, abin da take karantawa shi ne an sauke ta daga matsayinta. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wajen Hausawa da aka buga a 1974, ya lissafa ladabi da mutunci cikin halayen da ake auna mutum da su. A jerin nan kuma akwai haƙuri, wanda masu ƙorafi suka fi saurin mantawa da shi.

Zamani ya ƙara wa wutar fetur. Tun da WhatsApp ya fito da shuɗin maki biyu a 2014, mutum na iya ganin an karanta saƙonsa ba a amsa ba, ya kwana yana saƙa da warwara. Katin gayyata ya koma hoto da ake turawa mutum ɗari a lokaci guda, dattijon da ya saba a tako har zaurensa da goro kuwa ba ya ɗaukar wannan a matsayin gayyata. Sannan tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa zuwa gaisuwar mutuwa daga Kano zuwa Gusau ya zama abin lissafi. Da yawa cikin waɗanda ake zargi da shan ƙamshi aljihu ne ya gaza, kunya kuma ta hana su faɗa.

Ɓarnar ba a jin haushin take ba, a shirun da ke biyo baya take. Mai fushi ba ya faɗa, wanda ake fushi da shi bai san ya yi laifi ba, 'yan kai-komo kuma su cika tsakani da ƙarin gishiri. Kafin a ankara yara sun gaji gabar da ba su san mafarinta ba.

Alhali al'ada ba ta bar mutane haka ba. Akwai wasan taubasai da na ƙabilu, irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, inda ake faɗa wa juna magana mai zafi a rabu ana dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin kayan gadon ɗan Adam, saboda yadda take kashe husuma. Akwai kuma ƙorafin fili: "Yaya, na yi fushi, ban gan ki a sunana ba." Sau da yawa amsar ita ce rashin lafiya ko rashin kuɗin mota, a ba da haƙuri magana ta wuce. Addini ma ya sa iyaka, domin Buhari da Muslim sun ruwaito hanin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3, tare da fifita wanda ya fara yin sallama.

Mai karatu, idan akwai wanda ka daina gaisarwa don bai zo maka jaje ba, kira shi ka tambaye shi abin da ya hana shi zuwa.