Durgu a cikin garken kaji: yadda za mu gane ta, yadda za mu haɗa ta da manya

Ƴan uwa masu kiwon kaji na Garhanga da kewaye, bayan girbi kaji suna cika kasuwannin Keita, Buza da Madawa. A cikinsu akan ga wata ƙarama mai gajerun ƙafafu, tana tafiya kamar cikinta zai taɓa ƙasa. Ita ce durgu. Mata da yawa suna sonta, domin ba ta cin hatsi kamar manyan kaji.

Amma ba kowace ƙaramar kaza ce durgu ba. Akwai wadda haka Allah ya halicce ta, akwai kuma wadda yunwa ko tsutsar ciki ta hana ta girma. Mai sayarwa ba kullum zai faɗa mana gaskiya ba, don haka sai mu ɗauki kazar da hannunmu. Mu shafa ƙirjinta. Durgu ta gaskiya tana da tsoka, tana da nauyi daidai jikinta, ƙafafunta ne kawai gajeru, masu kauri. Idan ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa, ƙafafu kuma dogaye sirara, wannan tsumburarriya ce. Mu dubi zankonta: ja ne, ko ya koɗe? Idanu su zama garau, hanci babu majina. Mu buɗe fiffike mu nemi ƙwarƙwata da kaska, mu dubi gashin gindi ko zawo ya ɓata shi. Kazar da ta takure, fikafikai a sake, ko kyauta aka ba mu kada mu kai ta gida.

To mun saya, mun iso gida. A nan ne mutane da yawa suke yin asara, domin sukan kwance igiya su saki baƙuwar cikin kaji nan take. Annobar kaji da likitocin dabbobi suke kira Niyukasal tana iya ɓoyewa a jikin kaza har kwana 15 kafin ta bayyana. Ta fi yawa a lokacin ɗari, kuma ta hanyar kasuwa take bi daga gari zuwa gari. Alamunta su ne koren zawo, wahalar numfashi da murɗewar wuya. Ba ta da magani, sai rigakafi. Murar tsuntsaye ma, wadda aka fara gani a ƙasarmu a Magariya a shekarar 2006, saye da sayarwa suna cikin abin da ke yaɗa ta.

Saboda haka mu ware sabuwar kaza a akurki nata ita kaɗai, nesa da sauran, sati 3 cur. Kaskon ruwanta daban, wurin tsabarta daban. Mu fara ba tsofaffin kaji abinci, ita a ƙarshe, sa'an nan mu wanke hannu da sabulu. A cikin waɗannan kwanaki mu nemi ma'aikacin kiwo ya yi mata allurar rigakafi, ya ba ta maganin tsutsa. Kuɗin allurar bai kai kuɗin kaza guda ba, balle garke.

Idan sati 3 ya cika lafiya, saura faɗa. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda take tsoro. Baƙuwa sai an sare ta kafin ta sami matsayi, durgu kuwa ba ta da ƙafar gudu. Mu kife ta da kwando mai ramuka a tsakar gida kwana 4 ko 5, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Bayan haka mu sa ta cikin akurki da dare, lokacin da kaji suka kwanta. Idan akwai hali a sayi biyu, domin saran ya rabu.

Da safe mu watsa tsaki da dusa wuri biyu ko uku, kada manya su tare mata abinci. Kaskon ruwa ya zama marar zurfi. Ɗan sara kaɗan ba kome ba ne, yakan wuce cikin sati guda. Amma in jini ya fito, a fitar da ita sai ta warke, domin kaji in sun ga jini ba sa bari. Babban zakara ma yana iya ji mata ciwo a baya wajen barbara. In gashin bayanta ya fara zubewa, a raba su.

Ranar da ta kwanta kan ƙwai, mu tuna jikinta ƙarami ne. A sa mata abin da za ta iya rufewa duka, kamar 6 zuwa 8, domin ƙwan da ya leƙo waje sanyi zai kashe shi. Na kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo kuwa sai wajen kwana 28.