Ƙwallon Amurka: Abin Da Ɗan Sahu Ya Sani

Sau da yawa in aka nuna ƙwallon Amurka a talabijin, mutanenmu ba su kan yi minti goma suna kallo ba sai su tashi. Ƙorafinsu guda ne, wai tsayawa ta fi wasan yawa. Ƙatti ishirin da biyu su sunkuya, su yi karo kamar raguna, a busa usur, sa'an nan kowa ya miƙe ya tafi shawara. Ba mu ga laifin masu wannan magana ba, gama ko a Amurka ɗin, cikin shekarar 2010 jaridar Wall Street Journal ta sa aka riƙe agogo aka lissafta, aka tarar wasan da ke cin wajen awa uku, lokacin da ƙwallo ke motsi a cikinsa bai wuce minti 11 ba.

To, mu dai Allah ya nufe mu da shiga wannan wasa har kaka biyu, sa'ad da muke karatu a wata ƙaramar kwaleji a tsakiyar Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1990. Ba gwaninta ta kai mu ba. Malamin wasa ne ya ga faɗin ƙirji, ya ce akwai gurbi a sahu. Abin da muka samu a can shi ne muke so mu bayyana wa masu karatu, watau cewa wanda ke bin ƙwallo da ido ya kan rasa yawancin wasan.

Bari mu fara da ƙa'ida a taƙaice. Tsawon filin yadi 100 ne, faɗinsa ƙafa 160, a kowane kai kuma akwai ƙarin yadi 10, wurin da in mutum ya shiga da ƙwallo ya ci maki 6. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su karo huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan gaba. Ko dai a ba wani ya ruga da shi, ko kuwa madugunsu, wanda suke kira kwatabak, ya jefa wa wani da ya riga ya yi gaba. Wanda ya taɓa yin langa ya san rabin abin: akwai ruwa, akwai masu tsaronsa, akwai masu neman kā da shi kafin ya sha.

Wasan ya fito ne daga zari-ruga da tamaula irin na Ingila. Ran 6 ga Nuwamba 1869 kwalejin Rutgers da ta Princeton suka yi gasa ta farko, amma abin da suka buga ya fi kama da tamaula. Walter Camp na Jami'ar Yale shi ne ya kawo sahu cikin 1880, ya kuma kawo ƙidayar karo cikin 1882. Wannan tsayawa da ake kuka da ita, ashe da gangan aka shigo da ita, don kowane ɓangare ya sami damar shirya dabara kafin a motsa. Shawarar nan kuwa da suke yi a kewaye, kai da kai, an ce 'yan wasan Gallaudet ne suka faro ta wajen 1894. Kwalejin kurame ce a birnin Washinton, kuma da yatsu suke magana, saboda haka suka riƙa kewayewa don kada abokan gaba su karanta hannunsu.

AIKIN 'YAN BIYAR

A cikin goma sha ɗayan nan na masu kai hari akwai mutum biyar da suke jere kafaɗa da kafaɗa a gaba. Su ne 'yan sahu. Doka ta hana a jefa musu ƙwallo, har lambar rigarsu ma an keɓe ta, daga 50 zuwa 79, don alƙalin wasa ya shaida su. In banda na tsakiya, wanda ke miƙa wa madugu ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sauran huɗun suna iya yin shekara goma suna wasa ba su taɓa shi ba. Wurinmu shi ne dama da na tsakiya. A kaka biyu, sau ɗaya tak ƙwallo ya shiga hannunmu, shi ma suɓucewa ya yi daga wani muka faɗa a kansa.

Abu na farko da mutum zai koya a nan shi ne ba ya ganin kome. Kwalkwali ya rufe gefen ido, ƙarfe ya gitta a gaban fuska, lifidi ya danne kafaɗa, ga ƙato ya cika maka gaba. Abin da ke faruwa a bayanka ba ka sani ba. Sau da yawa ihun 'yan kallo ne ke gaya maka ko an ci ko an faɗi. Wannan ya sa har yau in muka ji mai kallo yana cewa, "Kai, wane makaho ne, ga hanya a buɗe bai bi ba!" sai mu yi murmushi. Daga saman benci hanya a buɗe take. Daga cikin kwalkwali kuwa, tsaga ce da ba ta kai faɗin ƙofar zaure ba, ta buɗe ta rufe kafin a ƙifta ido biyu.

Abu na biyu, ƙarfi ba ya isa. A ranar farko aka haɗa mu da wani yaro da muka fi nauyi da wajen laba talatin, ya ɗaga mu daga ƙasa sau uku a jere. 'Yan kokawa sun san dalili: wanda ya shiga ƙarƙashi shi ke da wasa. Mako biyu cur muka yi muna koyon taki ɗaya, na fari, wanda bai kamata ya wuce inci shida ba. In ya yi tsawo, ƙafarka tana sama za a same ka. Sa'an nan a koyi inda hannu zai sauka, watau cikin ƙirjin abokin karo, gwiwar hannu a matse. In hannu ya fita waje ya kama riga, alƙali ya jefa ƙyalle mai ruwan ɗorawa, a mai da ku baya yadi 10. In ka motsa kafin a miƙa ƙwallo, ko da kafaɗa ce ta girgiza, yadi 5. A nan ne kaɗai ɗan sahu ke jin an ambaci lambarsa a lasifika.

Abu na uku shi ne ya fi ba mu mamaki. Lokacin tsayawar nan, wanda bai wuce daƙiƙa 40 ba, shi ne lokacin da aka fi yin aiki. Madugu ya faɗi sunan dabara da lambar da za a tashi a kanta. Ku je ku sunkuya. Na tsakiya ya ƙirga masu tsaro, ya nuna wanda za a fara lissafi daga kansa, kowa ya san nasa. In ɗayansu ya gusa taki biyu, lissafi ya sake, a sanar da juna da kalma guda cikin hayaniyar dubban mutane. Kai kuma kana duban hannun wanda ke gabanka da ya dafa ƙasa. In yatsunsa sun yi fari don nauyin da ya ɗora musu, to, da gudu zai zo. In ya ɗan taɓa ciyawa kawai, wata hanya zai bi, wani ne zai zo maka. Shi ma haka yake karanta naka hannun, saboda haka sai ka koyi yin ƙarya da yatsu.

Malaman makaranta za su so su ji cewa kundin dabarun da aka ba mu ya fi waɗansu littattafan aji kauri, kuma hadda ake yi. Akawuna kuma ga naku: ran Lahadi, kashegarin wasa, a kan zauna a ɗaki a kashe fitila a nuna hoton wasan, a tsai da shi, a mai da shi baya, kowane karo a rubuta wa kowane mutum ya yi daidai ko ya kuskure. Karo sittin ko saba'in, kowanne da sakamakonsa a takarda. Ana iya cin maki 6 jama'a na ta tafi, ran Lahadi a tarar mutum uku sun kuskure a wannan karon, gudun wani ne ya rufa musu asiri.

Saboda haka ga shawararmu ga mai son ya gane wasan. Ka bar ƙwallo, ka dubi mutum biyun da ke dama da hagun na tsakiya. In sun danna gaba kai a ƙasa, gudu za a yi. In sun ja da baya sun ɗaga ƙirji, jifa za a yi, gama doka ba ta yarda su yi nisa a gaba kafin a jefa ba. In ɗayansu ya bar wurinsa ya zaga ta bayan 'yan'uwansa, bi shi, inda ya nufa can ƙwallo zai ɓullo. Akwai yaudara, labudda, amma galibi ba za su ɓad da kai ba.

MUTUM UKU

Akwai labarin da ya shafi Nijeriya wanda muke ganin ɗan sahu ya fi kowa jin nauyinsa. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya tafi Jami'ar Azusa Pacific a Kaliforniya don jifan faifai. Da ba a sa shi cikin masu zuwa gasar Olimfik ta 1984 ba, sai ya koma ƙwallon Amurka yana ɗan shekara 23. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi cikin 1987, cikin 1989 kuma ya ruga yadi 1,480, ya fi kowa a babbar ƙungiyar ƙwararru ta NFL a shekarar. Sunansa ya cika jaridu, ya kuwa cancanta.

Amma wa ke tsakiyar sahun da ke buɗe masa hanya a wannan shekara? Mike Webster ne, wanda ya yi kaka 15 a Pittsburgh Steelers, ya ci kofin Super Bowl sau huɗu, sa'an nan ya ƙarasa kaka biyu a Kansas City. Bayan ya bar wasa hankalinsa ya soma gushewa. Mantuwa ta kama shi, dukiya ta watse, har ya kai ga kwana cikin mota. Ya rasu cikin watan Satumba 2002 yana da shekara 50.

Likitan da gawarsa ta zo hannunsa a Pittsburgh shi ma ɗan Nijeriya ne, Dokta Bennet Omalu, haifaffen Nnokwa a Jihar Anambra, wanda ya taɓa aiki a Jos kafin ya tafi Amurka. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Sai da ya yanka ta ya duba da madubin likita ya ga wani irin sinadari ya taru ya lalata ta, cutar da a dā aka sani wajen 'yan damben Turawa. Ya buga bincikensa cikin 2005, likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye shi, ba a janye ba. Cikin 2016 wani babban jami'in NFL ya yarda a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai dangantaka tsakanin wasan da cutar, wadda ake kira CTE. Cikin 2017 likitocin Jami'ar Boston suka ba da labarin ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan NFL, 110 suna da ita. Wajibi ne a faɗi cewa yawancinsu iyalan da suka riga suka ga alama ne suka bayar, don haka ba za a ce haka lissafin yake ga dukan 'yan wasa ba.

Mai kallo ya kan zaci haɗarin yana wurin babban karon nan da ake maimaita nunawa, inda mutum ke tashi sama ya faɗi sumamme. Mu da muka tsaya a sahu mun san wani. Kowane karo kwalkwali ya kan gamu da kwalkwali, ba da ƙarfin da zai sumar ba, sai dai a ga ɗan walƙiya a ido, kunne ya yi ƙara, a girgiza kai a koma shawara. Haka ran Asabar, haka kuma ranakun horo. A zamaninmu ba a kiran wannan rauni, wanda ya ambace shi ma dariya za a yi masa. Binciken likitoci yanzu ya fi karkata ga cewa yawan waɗannan ƙananan bugu, shekara da shekaru, shi ne babban abin tsoro. Kwalkwali kuwa ƙoƙon kai yake tsarewa. Ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

Ba yau aka fara wannan damuwa ba. Cikin 1905, shekarar da jaridu suka ƙirga 'yan wasa kusan ishirin da suka mutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. Cikin 1906 aka halatta jifa gaba don a warwatsa cunkoson. Gyaran da ake yi a wannan zamani ya rage horon karo, ya kuma tilasta a fid da wanda aka ga alamar buguwar kai a jikinsa har likita ya duba shi. Amma aikin ɗan sahu karo ne, ba a iya cire shi a bar wasan yadda yake.

In aka tambaye mu ko mun yi nadama, sai mu ce a'a. Ba mu taɓa ganin wurin da mutum biyar ke dogara ga juna kamar nan ba, har kana jin takin na kusa da kai ba tare da ka dube shi ba. In kuwa aka tambaye mu ko za mu sa wa ɗanmu mai shekara goma kwalkwali, ita ma amsar a'a ce. Akwai irin wasan da ba a kā da kowa, sai dai a fizge ƙyalle daga ɗamarar mai ƙwallo, cikin 2023 kuma aka amince a sa shi a gasar Olimfik ta 2028 a Los Angeles. Mutum biyar-biyar ake yi, da madugu da masu gudu da mai miƙa ƙwallo. Sahun da muka tsaya a ciki babu shi a wannan wasa.