Sunayen Mota Guda Uku

Kusan kowane ɗalibi a wannan kwaleji yana fatan ran da zai kama aikin koyarwa ya tara kuɗi ya sayi 'yar motarsa. To, ina so in bayyana muku wani abu da zai tsare muku aljihu a ran nan. Kowace mota tana da suna uku: sunan kasuwa, da sunan gida wanda masu ƙera ta su ke kiranta da shi, da kuma lambar jikinta, watau lambar shasi. Misalin wannan kamar yaro ne a makaranta. Yana da sunan da a ke kiransa, yana da aji, sa'an nan yana da lambarsa a rajista wadda ba wanda ya ke tarayya da shi a cikinta.

Mu fara da sunan kasuwa. Wani lokaci shi ma lamba ne. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda mu ke kira Fijo, ya soma sa wa motocinsa lamba uku da sifiri a tsakiya tun daga mota 201 a shekarar 1929. Lambar farko tana nuna girman motar, ta ƙarshe kuwa a dā tana nuna zubinta. Haka aka yi 404 a 1960, da 504 a 1968, da 505 a 1979. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 kuwa ta zama motar ma'aikata da ta haya a ƙasar nan. Fijo ba su wasa da sifirin nan nasu. Da kamfanin Porsche na Jamus ya fito da mota mai suna 901, sai suka ce ba su yarda ba, dole aka sāke mata suna ta koma 911 a 1964.

Amma fa sunan kasuwa ba ya isa wajen gyara, don suna ɗaya ya kan daɗe alhali motar ta sāke sarai. Ku dubi Marsandi. Lambar 230 da ke bayanta girman inji kawai ta ke nufi, watau kimanin lita 2.3. Sunan gida shi ne W123 ga wadda ta fito a 1976, da W124 ga wadda ta gaje ta, wadda mutanenmu su ke kira "V-boot". Duka biyu akwai mai ɗauke da 230E a baya, amma fitilar wannan ba ta shiga waccan. Harafin W kuwa farkon kalmar mota ne da Jamusanci.

Toyota ta Japan tata dabarar ta fi bayani. Corolla ta farko, ta 1966, sunanta na gida KE10. Harafin K irin injin ne, E shi ne dangin Corolla, 10 kuwa zubi na farko. Saboda haka in makanike ya ce AE100, ya gaya maka abu uku ke nan a numfashi guda: inji irin A, Corolla ce, kuma zubin da ya fito a 1991. In ka je kasuwar kayan mota ta Apo ko ta Zuba ka ce wa mai shago, "Ba ni birkin Corolla," ba ka ce kome ba. Sai ya miƙo maka wanda ke kusa da hannunsa, in bai yi daidai ba kuwa, mai da shi sai an yi ta ja-in-ja.

Saura na uku, wanda ya fi duka muhimmanci. Dā kowane kamfani yana rubuta lambar shasi yadda ya ga dama. A 1981 Amurka ta tilasta a riƙa yin ta da haruffa da lambobi 17 cif, yanzu kuwa yawancin ƙasashe sun bi. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko su ke faɗin ƙasa da kamfani: J Japan ce, W Jamus, VF3 Fijo ta Faransa, in kuwa ta fara da 1 ko 4 ko 5 to a Amurka aka yi ta. Na huɗu zuwa na takwas siffar motar su ke bayarwa, na ƙarshe-ƙarshe kuwa lambarta ce ita kaɗai. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ke nuna shekara: Y 2000 ce, 1 kuwa 2001, haka har 9 ga 2009, sa'an nan A ta tsaya ga 2010. Motocin Turai ba duka ke bin wannan ba. A 2022 ma'aikatar kwastan ta Nijeriya ta fara amfani da lambar nan wajen yanke kuɗin fito na motoci.

To, ga shawarata. In dillali ya nuna maka 'yar Kwatano ya rantse ta 2008 ce, kada ka yi masa gardama. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka ƙirga zuwa harafi na goma. Ana iya sāke wa mota fitila da fenti ta yi kama da sabuwa, amma lambar tana nan. Sa'an nan ka gwada ta da wadda ke jikin madogarar ƙofa da wadda ke cikin takardu. In ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an kankare an sāke bugawa, riƙe kuɗinka ka yi gaba, don mai sayen motar sata shi ma ya kan kwana a hannun 'yan sanda.

Mu malamai kullum mu kan ce wa yara su karanta tambaya sosai kafin su amsa. Haka ya kamata mu karanta mota kafin mu biya. Allah ya ba kowa abin hawa mai albarka, amin.