Man minki: abin da yake yi wa fata da sabuni

A ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Amurka, akwai wata ƴar dabba da ake kira minki. Faransawa na ce mata vizon. Tana kama da tunku, jiki dogo, ƙafafu gajeru. Wadda ke cikin daji ba ta cika wuce kilo 1 da rabi ba. Bakin ruwa take zama, tana cin kifi da kwaɗi da ɓeraye.

Gashinta na da laushi da ɗumi ƙwarai. Don haka Turawa sunka shiga kiwonta cikin keji, yau fiye da shekara 150. Da fatarta ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada. In an feɗe ta, ana tarar da kitse ƙarƙashin fatar. Kitsen nan ake narkarwa, a tace. Shi ne man minki.

Kiwon minki ya ragu a Turai. A shekara ta 2020, cutar korona ta shiga garkunan minki na ƙasar Danmak. Gwamnati ta ba da umurni anka kashe fiye da miliyan 15. Ƙasar Holan kuwa ta rufe gidajen kiwon minki nata duka a farkon 2021.

Babu minki a Nijar. Amma akwai fata, akwai kitse, akwai majema da dukawa. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje. Wanda ya gane aikin da man minki ke yi, zai iya yin irinsa da man da ke cikin garinsu.

Dalilin da fata ke son mai

Fata tana kama da saƙa. Zaruruwa ne ƙanana da yawa sunka sarƙe da juna. Muddin akwai maiƙo tsakaninsu, suna zamewa bisa juna, fata ta lanƙwasa ba ta karye ba. Rana da iskar hunturu suna busar da ita. Ruwa ma, in ya jiƙa fata ya bushe, yana tafiya da maiƙon. Daga nan sai fata ta ƙandare, ta tsage. Inda ya tsage kuwa, babu man da zai sake haɗe shi.

Man minki ba shi da kauri, yana shiga fata da sauri. Yana tausasa ta, yana rage shigar ruwa, kuma ba ya saurin yin wari kamar waɗansu kitse. Shi ya sa mutanen ƙasashen sanyi ke shafa shi ga manyan takalman aiki da kayan doki.

Amma yana da illarsa. Yana sa fata ta yi duhu, launinta na fari ba ya komowa daidai. In ya yi yawa, fata ta saki, jaka ko takalmi su rasa tsayuwarsu. Kuma gwangwanaye da yawa masu wannan suna gauraye ne: an haɗa man da kaki ko da wani kitse.

Yadda ake shafa wa fata mai

Man kaɗe yana yin wannan aiki. Haka kuma kitsen sa ko na rago, in an narkar an tace shi sarai. In an ƙara masa kakin zuma kaɗan, ya fi tsare ruwa. Man gyaɗa yana tausasa fata, sai dai in ya daɗe yana wari, ya jawo ɓera da ƙwari. Baƙin man mota kuwa, kada a kusantar da shi ga fata: yana ɓata ta, yana ɓata tufafi.

Ga yadda ake yi:

1. A kakkaɓe ƙura, a goge fatar da tsumma mai ɗan danshi.
2. A bar ta ta bushe cikin inuwa. Kada a sa ta rana, kada a kanga ta ga wuta.
3. A gwada man a wani wuri ɓoyayye, a ga yadda launi zai zama.
4. A lakato mai kaɗan da tsumma, a murza ko'ina, har bakin ɗinki.
5. A bari ta kwana. Da safe a goge abin da ya rage da busasshen tsumma.

Ga sirdi da linzami da takalmi da jaka, sau 2 a shekara ya isa: farkon hunturu, da kuma gab da damina. Da damina a rataye kayan fata inda iska ke shiga, don kada su yi fumfuna.

Man minki cikin sabuni

Sabuni abu biyu ne sunka haɗu: mai da soda. Soda na cin mai, su biyun su rikiɗe su zama sabuni. Tsofaffin mata da ke dafa sabuni da ruwan toka, wannan aikin suke yi, don ruwan toka ɗan'uwan soda ne.

Masu yin sabuni a gida cikin Amurka da Turai sukan sa man minki kaɗan cikin haɗinsu, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya ba da sabuni mai ƙarfi. Sauran haɗin kitse ne da man itatuwa. Amfaninsa shi ne sabunin ya yi laushi ga jiki. Man gyaɗa ko man kaɗe suna iya maye gurbinsa.

Ga awo na kilo 1 na mai:

Kitsen sa tatacce: giram 700
Man gyaɗa: giram 300
Sodar sabuni: giram 130
Ruwa mai sanyi: sulusin litar

Kowane mai da yawan sodar da yake ci. In man kaɗe ne zalla kilo 1, giram 120 na soda ya isa. Don haka a auna da ma'auni, kada a yi ƙiyasi da ido. Soda in ta yi yawa, sabuni ya ci hannu. In ta kasa, sabuni ya yi maiƙo, ya ƙi kumfa.

A zuba soda cikin ruwa sannu sannu, ana motsawa da sanda. Ruwan zai yi zafi da kansa, a bari ya huce. A narkar da kitse, a haɗa da man gyaɗa, a bari ya zama ɗumi-ɗumi. Sa'an nan a tsiyaya ruwan soda cikin mai, a yi ta motsawa har ya yi kauri kamar kunu. A juye cikin akwatin katako da anka shimfiɗa wa leda. Bayan kwana 2 a yanka. A jera cikin inuwa, a jira sati 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.

Hattara da soda

Soda tana ƙona jiki, tana makantar da ido. Kullum soda ake zubawa cikin ruwa. In an zuba ruwa bisa soda, tana iya tafasa ta fantsamo ga fuska. Kada a yi aikin cikin tukunyar alminiyom, don soda na cin ta. A nemi bokitin roba mai kauri. A sa safar hannu ta roba, a yi aikin a fili, a kori yara daga wurin. In ta taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa nan take. In ta shiga ido, a yi ta zuba ruwa minti 15 ko fiye, sa'an nan a tafi gidan likita.

Sirdi da takalmi kuɗi ne, sabuni ma kuɗi ne. Kitsen da ke wurin mahautan gari ya isa ya tsare na farko, ya samar da na biyu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.